Ɗantala da Motar da Ba a Turawa

Duk wanda ya san tashar motar Suleja a ƙarshen shekarun casa'in ya san Ɗantala, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri mai furfura a gemu, wanda da zarar baƙuwar mota ta tsaya sai ka ga ya taso yana goge hannu a jikin riga, ya sunkuya ta taga ya ce, “Ranka ya daɗe, don Allah wannan maɓallin na mene ne? Wannan wutar fa, in ta kama me take nufi?” Wani ya amsa masa, wani ya ɗage gilashi. Matasan direbobi suka laƙaba masa Baba Miye-wannan, suna kwaikwayon tafiyarsa suna ƙyaƙyata dariya. Yara ne, ba su san shi a da ba. Waɗanda suka san shi tun farko ba sa dariya.

A unguwar Hashimi aka haife shi, tun garin yana amsa sunan Abuja, kafin gwamnati ta ɗauke sunan ta kai shi can gaba. Bai yi boko ba. Da karen mota ya fara, a wata tsohuwar babbar motar kaya, roka, mai ɗauko doya daga Gawu, a hannun wani maigida da ba ya koyarwa da baki sai da mari. Da kunne Ɗantala ya koyi inji. In mota ta yi tari, ya san ko kafireto ne ko fulogi tun bai buɗe bonet ba. Daga baya ya samu Fijo ta haya, doguwar nan mai cin mutum takwas in an matsa, kuma a Suleja kullum matsawa ake yi. Da aka dawo da gwamnati Abuja, ma'aikata suka cika gari da haya, shi ke kwasarsu da sassafe ya dawo da su da yamma.

Abin da ya yi suna a kai shi ne firi. Babu gangaren da bai sani ba daga Diko har Zuba. Da ya hango hanya ta sunkuya, sai ya taka kuloci, ya fitar da giya, ya kashe inji, motar ta gangara shiru kamar kwale-kwale, ba abin da kake ji sai iska da ƙarar taya. In an kusa hawa tudu ya jefa giya ya saki kuloci, ta amsa. Man da zai kai wani direba Zuba, shi sai ya kai shi ya dawo da shi Madalla. Kowa na yi, amma nasa daban ne, kuma ya san nasa daban ne. Kai, Ɗantala akwai ji da kai in ana maganar mota! A sauran al'amura mutum ne mai sauƙi, sai ka ci abincinsa ka bar masa kwano. Amma ka ce za ka gyara masa magana a kan tuƙi, ka taro faɗa.

'Ya ɗaya gare shi, Sa'ida. Matarsa Sailuba ta haifi biyu kafin ita, duk ciwon sikila ya ɗauke su tun ba su yi wayo ba. Ita ma Sa'ida da ciwon ta zo, amma ta yi taurin rai har ta shiga firamare. Siririya ce, idanunta da ɗan rawaya-rawaya, ga surutu kamar an kunna rediyo. In ya dawo daga aiki sai ta hau cinyarsa ta kama sitiyari tana yin kukan inji da baki, har da canjin giya. A duniya babu abin da Ɗantala yake tsoro kamar ya ji ta ce, “Baba, ƙafata.”

A gidan da ke jikin nasu akwai ɗan haya, Callistus, mai shagon kayan lantarki a kasuwa. Ya daɗe a Suleja, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Wata rana sai ga shi ya shigo layi da mota 'yar Kwatano, ƙirar Japan, ruwan toka, tana sheƙi. Yara suka yanyame ta. Sa'ida ce ta fara gano cewa gilashin taga da maɓalli yake hawa da sauka, ta yi ta dannawa tana ihu, “Baba, zo ka ga, da kansa yake tafiya!”

Callistus ya buɗe ƙofa ya ce, “Oga Ɗantala, shigo in nuna maka. Wannan otomatik ce, tana da wasu halaye nata.”

Ɗantala ya leƙa ƙasan sitiyari, ya ga abin takawa biyu kacal.

“Ina kuloci?”

“Babu. Da kanta take canja giya.”

“To ai wannan ba mota ba ce, keken guragu ka sayo.”

“Haba, Oga, zauna mana, ba zai ɗauke ka lokaci ba.”

“Ni za ka koya wa mota? Ina tuƙi tun kana goye a bayan mamanka. Je ka koya wa madam.”

Aka yi dariya, har da Callistus ɗin. Ba faɗa ba ne, wasan maƙwabta ne. Ɗantala ya juya ya tafi wanke Fijonsa.

Sai daminar casa'in da huɗu ta zo, ma'aikatan mai suka shiga dogon yajin aikin nan. Wanda bai ga wannan lokaci ba, ba zai gane ba. Layin motoci a gidan mai ya yi tsawon da ba ka ganin ƙarshensa, mutane na girki da wanki a gefen motocinsu. 'Yan bumburutu da galan-galan ɗinsu suka zama sarakuna, daga baya su ma suka ƙafe. Ma'aikata suka daina zuwa ofis. Titin da ba ya rabuwa da hon ya koma wurin shanyar barkono. Fijon Ɗantala tana tsakiyar wani layi a hanyar Diko, tanki a bushe, mota gaba, mota baya, mota hagu da dama, ko da ƙugiya ba ka fitar da ita.

A cikin wannan hali Sa'ida ta kwanta. Zazzaɓi ne da farko, sai ƙafa, sai ƙirji. Wata safiya Sailuba ta buɗe tafin hannun yarinyar ta ga ya yi fari fat, numfashinta na fita sama-sama. Suka ɗauke ta a kafaɗa zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Likitan ya ja fatar idonta ƙasa, ya duba, bai ko zauna ba ya ce, “Jini take buƙata, yau, yanzu. Ba mu da shi a nan. Ku kai ta babban asibiti a Gwagwalada, kada ku tsaya ko'ina.”

Ɗantala ya fita da gudu. Ya je tasha, ya tarar da awaki kwance inda motoci ke lodi. Ya bi abokan sana'a gida-gida, kowa ya buga masa tanki ya ji amon wofi. Ya je lungun da 'yan bumburutu ke ɓuya, ya tarar da galan babu kowa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kai matan mutane asibiti kyauta, yau ga shi a tsakiyar titi yana ɗaga wa keke hannu. Ya dawo gida rana ta take, takalminsa ɗaya ya tsinke, bai ma sani ba.

A ƙofar gida ya tarar da Nnenna, matar Callistus, da jaririnta a baya. Mijinta ya tafi Anaca saro kaya tun kafin abin ya tsananta, rashin mota ya riƙe shi a can. Ta miƙo masa makulli.

“Baban Sa'ida, ɗauki. Akwai ɗan mai a ciki, Oga ya ɓoye shi don ko ta kwana.”

Ya dubi makullin, ya dubi motar da ya kira keken guragu. Ya karɓa da hannu biyu.

Nnenna ba ta iya tuƙi ba, amma ta sha zama a gefen mijinta. Da ya murɗa makulli motar ta tashi, sai ta sunkuyo ta nuna masa sandar giya da ke tsakanin kujeru, wadda ke tafiya gaba da baya a layi ɗaya, da wasu haruffa a gefenta.

“Ka taka birki, ka jawo ta zuwa nan. Yauwa, nan. In ta fara tafiya kada ka ƙara taɓa ta, haka Oga yake cewa. Allah ya kai ku lafiya.”

Sailuba ta shiga baya da Sa'ida a cinya. Suka ɗau hanya.

Kafin su fita gari sau biyu ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci ta dira a kan birki, motar ta yi tsaye cak har kan Sailuba ya bugi kujera. Ya naɗe ƙafar ya tura ta ƙarƙashin kujera. Bayan wannan, gaskiya, motar ta ba shi mamaki. Sitiyari kamar auduga, da yatsa ɗaya za ka juya shi. Birki kuwa ko shafa shi ka yi ya kama. Suka wuce Madalla, ga Dutsen Zuma a gefe, titi fayau babu kowa. Sa'ida ta ɗaga hannu da ƙyar ta danna maɓallin taga, gilashin ya sauka, ta yi ɗan murmushi. Ɗantala ya gani ta madubi, ya ce a ransa in Allah ya yarda za a kai.

Suna dab da Zuba sai wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, da hoton famfon gidan mai a jikinta. Ya dubi allurar mai, ya ga ta kwanta a ƙasa. Gejin Fijonsa ya mutu tun zamanin da, da kara yake auna tanki, bai taɓa tuƙa motar da ke kunna wuta don mai ba. Abin da ya fahimta ɗaya ne: mai ya ƙare, ga Gwagwalada da sauran tafiya.

“Malam, lafiya?” in ji Sailuba.

“Lafiya lau. Riƙe ta da kyau.”

Bayan Zuba akwai wani dogon gangare da ya sani kamar tafin hannunsa. Bai tsaya shawara da kowa ba, ko da zuciyarsa. Sabo turken wawa. An ce kada ya taɓa sandar giya, to bai taɓa ba. Hannunsa ya tafi kan makulli ya murɗa shi baya, kamar yadda ya yi sau dubu. Inji ya yi shiru, motar ta ci gaba da gangarawa.

Da hanya ta ɗan karkata, ya juya sitiyari. Ina! Audugar nan ta koma dutse. Ya sa hannu biyu ya danna da ƙirji kafin ta ɗan juyo. Ya taka birki, ya kama. Ya sake takawa, ya kama kaɗan. A na uku sai ya ji kamar ya taka kututture. Bai san cewa a irin wannan mota inji ne ke ba sitiyari laushi, shi ne kuma ke ƙara wa birki ƙarfi ba. Ya kashe inji, ya kashe su tare. Motar na ƙara gudu, Sailuba na salati da ƙarfi. Ya miƙe tsaye a kan birki da ƙafa biyu, ya fizgo birkin hannu, taya ta yi ƙara, suka sauka gefen titi suka yi ta tirzar tsakuwa, har suka tsaya a ƙasan kwari, hancin motar cikin ciyawa.

“Ba komai,” ya ce, yana haki. “Ba komai, yanzu za mu tashi.”

Ya murɗa makulli. Fitilun gaban sitiyari suka kama gaba ɗaya, ja da rawaya. Inji ko uffan. Ya sake. Ko ɗan ƙyat ɗin nan na sitata babu.

Ya fita ya buɗe bonet. Ya nemi kafireto bai ga abin da ya sani ba, sai wayoyi da bututu da baƙaƙen akwatuna. Ya ɗauki dutse ya bubbuga kan batir. Ya danna hon, ya yi ƙara lafiya lau, ke nan ba batir ba ne. Ya kwanta a ƙasa cikin laka ya lalubi sitata ya doke ta da sifana. Ya koma ya murɗa. Shiru.

Wasu manoma Gbagyi da ke noma a gefen hanya suka ajiye fartanya suka taho. Da suka leƙa suka ga yarinyar, ba wanda ya jira a roƙe shi. Suka fito da motar kan kwalta. Ɗantala ya shiga, ya dubi sandar giya. Haruffan nan ba su ce masa komai ba, amma can ƙasa ya ga lamba biyu, ita kam ya santa. Kowane direba ya san da giya ta biyu ake tayar da mota in an tura. Ya jawo sandar baya har kan biyu, ya leƙo ya ce, “Bismillah, ku tura!”

Suka tura. Motar ta yi gudu, ƙafarsa ta ɗago don ta saki kuloci, babu kulocin da za a saki. Suka mayar da ita baya suka sake. Suka sake. Wani tsoho a cikinsu ya zame ya fasa gwiwa, ya tashi ya ci gaba. Matan da ke wucewa da itace a kafaɗa suka sauke suka sa hannu. Suka yi ta turawa har inda hanya ta fara hawa tudu, ƙarfinsu ya ƙare, suka tsaya suna dafe da cinya. Bayin Allah, da za su tura ta har Gwagwalada ba za ta tashi ba, irin wannan mota ba a tayar da ita da turi.

“Malam,” Sailuba ta kira shi, muryarta ƙasa-ƙasa. “Malam, jikinta yana sanyi.”

Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Leɓunan Sa'ida sun bushe. Ta buɗe ido ta ce, “Baba, mun iso?”

“Saura kaɗan, uwata.”

Ya koma tsakiyar titi ya tsaya, hannuwa a sama. Titi kuwa ko tsuntsu. Ya ruga ya hau tudu ya duba, ya dawo ya murɗa makulli, ya sake komawa titi. Yana kuka a fili, babba da shi, ba ya ko share hawaye. Ya roƙi motar kamar mutum, ya zage ta, ya ba ta haƙuri. Inuwa ta juya, la'asar ta yi. Can sai ga wata tifa mai ɗaukar yashi ta taho tana hayaƙi. Ya kwanta mata a kan kwalta, direban ya ci birki yana zagi, da ya ga abin da ake ciki ya buɗe ƙofa da kansa.

Ba su kai mararrabar Giri ba Sailuba ta daina jijjiga yarinyar. Ta ja gyalenta ta rufe mata fuska. Direban tifa ya rage gudu, ya cire hularsa, ya tambaya ko ya juya da su Suleja.

Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, Ɗantala ya ce haka ne. Ga duk wanda ya tambaya yana cewa mota ce ta lalace musu a hanya. Ya gaskata hakan, kuma a cikin baƙin cikinsa har da kunyar ya lalata motar maƙwabci.

Bayan sadakar uku Callistus ya samu ya dawo a bayan wata motar kaya. Ko jakarsa bai ajiye ba ya shigo ya zauna a tabarma ya yi kuka, don Sa'ida 'yar gidansa ce. Washegari ya samo galan ɗaya na mai, Allah kaɗai ya san ta yaya, suka hau tifa su biyu zuwa inda manoman nan ke gadin motar. A hanya Ɗantala sai ba shi haƙuri yake yi.

“Ko mene ne ya ƙone, ni zan gyara. Ina jin sitata ce.”

“Oga, bar maganar mota, don Allah.”

Suka same ta an lulluɓe ta da ganye saboda rana. Callistus ya shiga ya zauna. Idonsa ya sauka a kan sandar giya, tana nan a kan biyu. Ya daɗe yana kallonta. Sannan a hankali ya tura ta gaba har ƙarshe, ya murɗa makulli.

Bugu ɗaya ta tashi.

Ɗantala na tsaye da galan a hannu. Injin na kaɗawa sumul, kamar ba abin da ya taɓa samunsa.

“Me ka yi mata?”

“Wataƙila batir ne ya huta,” in ji Callistus, bai ɗago kai ba.

“Callistus, ka dube ni. Hon yana yi. Me ka yi mata?”

Babu yadda zai yi, ya faɗa masa. In sandar tana kan giyar tafiya, motar ba ta yarda a tayar da ita, an yi haka ne don kada ta zabura ta buge mutum. Sai an mayar da ita can sama inda ake ajiye ta, ko tsakiya, inda yake shi ne firi ɗinta. Ya nuna masa wurin. Daga inda Nnenna ta sa masa sandar zuwa firi, taki ɗaya ne, bai kai faɗin yatsa biyu ba.

“Abin da ka so nuna mini ke nan ran nan?”

Callistus ya kau da kai. Ɗantala ya nuna gaban sitiyari.

“Wutar nan fa? Ta mai?”

“Gargaɗi ne kawai, Oga. In ta kama akwai saura.”

“Saura kamar yaya?”

“Mu zuba wannan mu tafi gida.”

“Kada ka zuba.” Ɗantala ya zagaya ya shiga ɗaya gefen, ya ɗora galan a cinya ya rungume shi. “Ja mu je. Ina so in ga inda za ta mutu.”

Callistus ya roƙe shi, ya ƙi. Suka juya. Suka hau gangaren da ya sauko, suka wuce Zuba, wutar na nan a kunne. Ɗantala bai ɗauke ido daga kanta ba. Direba ne, ya san tsawon kowace hanya a ƙasar nan, ya san daidai inda tafiyarsu ta kai nisan Gwagwalada. Suka wuce wurin. Suka wuce Dutsen Zuma, suka wuce Madalla. A ransa yana roƙon Allah motar ta yi tari, ta shaƙe, ta tsaya, ko da a bakin gari ne. Ba ta yi ba. Ta shiga Suleja, ta bi layin Hashimi, ta tsaya a ƙofar gida injinta na kaɗawa, galan na cinyarsa ba a buɗe ba.

Sailuba ta ji ƙarar mota ta leƙo daga soro. Ta dubi motar, ta dubi mijinta.

“Har an gyara? Me ya lalace a cikinta, Malam?”

Callistus ya buɗe baki zai yi magana, Ɗantala ya dafa masa hannu. Ya fito, ya ajiye galan a ƙasa, ya tsaya a gabanta.

“Babu abin da ya lalace, Sailuba,” ya ce. “Ni ne ban tambaya ba.”